Wanke Allo a Hunturu: Abin da Aikin Rubutu Ke Koyarwa Game da Sake Farawa

Daga tsakiyar Disamba, idan makarantun boko suka ba da hutun zangon farko, ma'aikata kuma suka sami 'yan kwanakin Kirsimeti da na sabuwar shekara, sai ka ga allunan da suka shekara a bayan ƙofa an sauko da su ana kakkaɓe ƙura. Malamin firamaren da ya bar hadda tun yana saurayi, ɗalibar jami'ar da ta dawo gida, ɗan kasuwar da ya daɗe yana cewa sai ya rubuta ko da izu ɗaya da hannunsa, duk a wannan tsakanin suke ɗaura niyya. Ranar 1 ga Janairu ba ta da wani matsayi a addinin Musulmi. Shekararsa daga Muharram take farawa, kuma tana ja baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Maƙwabta Kiristoci ne ke raya daren 31 ga Disamba a coci da addu'a. Abin da Musulmi ya samu a nan sarari ne: aiki ya lafa, amfanin gona ya shiga rumbu, dare ya yi tsawo. Tun kafin zuwan kalandar Bature, a irin wannan lokaci ne, bayan kaka, malamai ke fita da almajiransu, a hura wutar kara da daddare a yi karatu.

Da yawa daga cikin waɗannan niyyoyi kan mutu kafin sanyi ya wuce, sai a ɗora laifin a kan raunin imani. A ganina, sau da yawa laifin na lissafi ne da na tawada, sai kuma babbansu, rashin wanda zai duba.

Lissafin ba shi da wuya, amma ba a cika yin sa ba. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, jimilla 480. A bugun Madina mai shafi 604, sumuni ɗaya kusan shafi ɗaya da kwata ne, wajen layi 19. Mai rubuta sumuni ɗaya kullum ba fashi zai yi kwana 480. Idan ya bi al'adar tsangaya ta hutun Alhamis da Juma'a, mako 96 ke nan, kusan shekara biyu. Hutun mako uku kuwa ranakun aiki 15 gare shi, sumuni 15 ko izu biyu bai cika ba. Wato daga Nasi zuwa Amma shi ne iyakar abin da hutu zai ɗauka, shi ma ga wanda hannunsa ya saba. Wanda ya yi shekara goma bai riƙe alƙalamin kara ba, layi biyar zuwa bakwai ya ishe shi a makon farko, domin wuyan hannu ne ke fara gajiya, da zarar ya gaji kuwa baƙaƙe sai su fara kwantawa. Hadisin Nana A'isha da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, a nan ma'auni ne na zahiri da ake auna darasi da shi.

Tawada iri biyu ce, kuma rikita su shi ne kuskuren farko. Ta allo an yi ta ne don ta wanku. Ta takarda an yi ta ne don ta zauna.

Ta allo daga baƙin gindin tukunya ko gawayi mai laushi ake haɗa ta. A daka gawayin, a tankaɗe shi ta cikin tsumma mai laushi har sai ba a jin tsakuwa tsakanin yatsu. A jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi ya kwana, a tace. Ma'aunin farawa shi ne cokali biyu na garin gawayi, cokali ɗaya na ruwan ƙaro mai kauri, da ruwa kamar rabin kofin shayi. Kada a zuba ruwan gaba ɗaya tun farko. A fara murza garin da ƙaron su zama kamar ƙullu, sannan a riƙa ɗiga ruwa, in ba haka ba baƙin zai taso sama ya ƙi haɗuwa, musamman na tukunyar da maiƙo ya taɓa. Gwajin kuwa a kan allo ake yi: a ja layi ɗaya, a bari ya bushe, a goga da babban yatsa. Idan ya biyo yatsa, ƙaro ya yi kaɗan. Idan yana ƙyalli yana ɓarewa kamar ɓawo, ƙaro ya yi yawa, sai a ƙara ruwa da ɗan gawayi.

Ta takarda kuwa bagaruwa ce ginshiƙinta, wadda majema ke jima da ita. A farfasa cikin tafin hannu guda na busasshiyar bagaruwa, a cire 'ya'yan, a jiƙa a ruwa rabin lita kwana uku zuwa mako. A jefa kashin maƙera ko tsohon ƙarfe mai tsatsa a ciki har ruwan ya yi duhu, a tace sau biyu, a sa ƙaro. Wannan tawada tana fita da haske a kan takarda, sai ta sha iska take yin baƙi, don haka kada a yanke mata hukunci kafin ta kwana. Masu gaggawa nan suke ɓata ta: su ga ba ta yi baƙi ba, su ƙara ƙarfe. Ƙarfe in ya yi yawa, bayan shekaru tawadar ke cin takarda, har a ɗaga warƙa, wato fallen takardar, a ga haske ta inda baƙaƙe suke. Idan kuma aka yi rubutu da ita a allo, to ta kama itacen ke nan, wanki ba zai fitar da ita fes ba.

Abin sha'awa shi ne duk kayan nan hunturu ne ke kawo su. A rani ɗakwara ke fitar da ƙaro a dazukan Yobe da Borno da Jigawa, a rani bagaruwa ke bushewa, gamba ma sai bayan kaka take ƙosawa. Amma hunturun da ya ba da kayan shi ne kuma ke ɓata su. Danshin iska a Kano ko Katsina ko Damagaram kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, ga ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi. Kurtun da aka bari a buɗe awa ɗaya, tawadarsa ta yi kauri, ƙura ta zauna a kai. Maganin shi ne a sa ɗan curin auduga ko tsumma a cikin kurtun ya riƙe tawadar, a rufe bakinsa tsakanin layi da layi, idan ta yi kauri kuma a ɗiga ruwa kawai. Ruwa ne ya tafi, ba baƙi ko ƙaro ba.

Alƙalami daga gamba ko sillen kara ake fiƙe shi, tsawon taƙi ɗaya. A wannan yanayi karan ya bushe ƙarau, saboda haka a tsoma bakinsa a ruwa na 'yan mintoci kafin a sa reza, in ba haka ba tsagar za ta zarce. Tsagar kada ta wuce tsawon ƙwayar shinkafa, bakin kuma a yanke shi a ɗan karkace. A fiƙe uku ko huɗu a zama ɗaya, masu faɗin baki ɗaya, domin idan na farko ya mutu a tsakiyar shafi kada kaurin rubutu ya canza. Sai batun man shafawa: kaushi da faso kan sa mutum ya shafa man kaɗanya ko basilin, duk inda yatsan nan ya taɓa kuwa tawada ba za ta kama ba. A wanke hannu da sabulu kafin a zauna, a ajiye wata takarda ƙarƙashin gefen hannu.

Allo mai kyau na aduwa ne. Idan sabo ne kuma tawada na bin jijiyar itacen tana bazuwa, a goge shi da samfefa mai laushi, a shafe shi da ruwan ƙaro tsinkakke, a bari ya bushe. Bayan wanki a jingine shi a inuwa. Wanda ya kai shi bakin wuta ko tsakiyar rana don ya yi saurin bushewa, zai ji ƙarar tsagewarsa. Ruwan wankin kuma ba a zuba shi a kwata ko inda ake takawa, sai a gindin bishiya ko wani wuri mai tsarki. Ga mai jin nauyin alwala da ruwan sanyin asuba, a mazhabar Malikiyya an yi rangwame ga malami da ɗalibi su taɓa allo ba tare da alwala ba, saɓanin cikakken Mus'hafi ga wanda ba koyo yake yi ba.

Darasin da ya fi kowanne yana cikin ƙa'idar wankin kanta. Allo fuska biyu gare shi, ɗaya ta sabon karatu, ɗaya ta na jiya. Ba a wanke fuska sai an biya wa malam abin da ke kanta, ya gamsu ya ce a je a wanke. Saboda haka farin allo a tsangaya shaida ce cewa abin da ke kai ya koma ƙirji. Masu dawowa bayan dogon fashi kan kauce wa wannan ta hanya biyu. Wani ya ce komai ya zube, bari ya koma farko kamar bai taɓa karatu ba, sai gundura ta kama shi a kan surorin da ya riga ya sani. Wani kuma ya ɗora daga inda ya tsaya shekara goma da suka wuce, alhali abin da ke ƙarƙashi ya rube. Abin da ya dace shi ne kwana biyu ko uku na farko a ba da su ga tilawa a gaban wani, ba tare da an taɓa alƙalami ba. Inda harshe ya fara tuntuɓe, nan ne mafarin rubutu.

Wannan wanin da za a zauna gabansa ba a iya maye gurbinsa da waya. A tsangaya, gardin da ya kai matakin satu yana rubuta allonsa da ka, sannan ya kai darasu a duba masa baƙi da wasali. Dalili kuwa ido ba ya ganin kuskuren hannun da ya yi shi, abin da ke cikin kai yake karantawa. Kurakuran ma sanannu ne. Akwai tsallake, inda layi biyu suka ƙare da kalma iri ɗaya, ido ya faɗa kan ta biyu: Suratur Rahman na da aya ɗaya da ta maimaitu sau 31, Mursalat na da wadda ta maimaitu sau 10. Akwai masu kama da juna, kamar aya ta 58 a Baƙara da ta 161 a A'araf, inda umarnin shiga ƙofa da sujada ya riga faɗin "hiɗɗatun" a ta farko, ya biyo bayansa a ta biyu. Akwai kuma na rasamu, wato ƙa'idar rubuta baƙaƙen Mus'hafi, wanda kunne ba ya kamawa sam: kalmar rahama da buɗaɗɗen harafin "ta" aka rubuta ta a wuri 7, ni'ima a wuri 11.

Wayar ma tana da nata tarkon. Wanda ya tashi a tsangaya da ruwayar Warshu ya yi karatu, galibin manhajojin waya kuwa na Hafsu ne. Tun daga Fatiha za su rabu, Warshu na karanta "maliki" ba ja, Hafsu na ja. A rubutunmu na gargajiya harafin "fa" ɗigonsa ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonta ɗaya a sama, a bugun Hafsu kuwa fa ce mai ɗigo ɗaya a sama. Ƙidayar ayoyi ma ta bambanta, 6214 a lissafin Madina da Warshu ke bi, 6236 a na Kufa. Duka ingantattu ne, amma a zaɓi ɗaya tun ranar farko, a nemi Mus'hafi da mai dubawa na wannan ruwayar.

Wanda ya wuce allo ya koma takarda, ya bi tsarin magabata na barin warƙoƙi a warware, ba ɗinki, ana ajiye su a gafaka. Hikimar ita ce idan warƙa ta ɓaci, ita kaɗai za a sake. A ƙasan kowace warƙa a rubuta kalmar farko ta mai bi mata, don kada su rikice. A gama baƙin shafi duka, ya bushe, sannan a bi da ja a sa wasali, rawaya ga hamza, kore ga alifin sadarwa, kowane launi da alƙalaminsa. Ƙaramin kuskure a kankare shi da gefen reza a hankali, a murje wurin da bayan cokali kafin a sake rubutu, in ba haka ba tawada za ta nashe. Kalmar da aka tsallake a rubuta ta a gefe da alama. Warƙar da ta ƙi gyaruwa a ƙone ta ko a binne a wuri mai tsarki, kada ta shiga kwandon shara.

Idan hutu ya ƙare a makon farko ko na biyu na Janairu, sumuni a kullum ba zai yiwu ga mai zuwa aiki ba. A rage darasi zuwa layi uku ko huɗu bayan sallar Asuba, a tsayar da rana ɗaya a mako, Asabar ko Lahadi, ta kai wa mai dubawa. Tawadar gawayin da ta rage a zuba ta a faranti ta bushe ta zama dunƙule, duk lokacin da ake bukata a gutsura a jiƙa. Ta bagaruwa kuwa a sa ta a kwalbar gilashi mai murfi, a cika ta har wuya don kada iska ta yi yawa a ciki, a ajiye inda rana ba ta kaiwa.