Tambayar da Malam ya yi mini kan Western Digital

A shekarata ta ƙarshe a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, na ɗauki binciken kammala karatu a kan hannun jarin Western Digital, kamfanin Amurka mai ƙera ma'adanar bayanai ta kwamfuta. Na tara alƙaluman ciniki da riba na kai wa Malam. Shafi biyu ya duba, ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, wa ke ba su kaya?"

Shiru na yi. Sai da na kwashe mako biyu ina tono.

Ashe a 2016 kamfanin ya sayi SanDisk, mai ƙera filashi (ƙwayoyin adana bayanai irin na katin memori), ya gaji haɗin gwiwarsa da Toshiba a masana'antar Yokkaichi ta Japan. A lokacin, tare suke zuba kuɗin injuna, su raba ƙwayoyin filashin da aka ƙera. Ke nan kaya na iso masa a kan kuɗin ƙira maimakon farashin kasuwa, kuma wani kaso na ribar da nake ta yabo daga nan ya fito. Sai dai tsintsiya ɗaya ta ɗaure su. A 2017 asarar Westinghouse, kamfanin nukiliyarsa na Amurka, ta tilasta wa Toshiba sa sashensa na filashi a kasuwa, Western Digital ya ce bai yarda ba, aka yi ta shari'a har Disamba kafin a sasanta. A Fabrairun 2022, lokacin sashen ya riga ya zama kamfanin Kioxia, kayan haɗi suka gurɓata a masana'antun Yokkaichi da Kitakami, Western Digital ya sanar da asarar aƙalla gigabait biliyan 6.5 na filashi. Duk wannan babu ko ɗaya a jadawalin da na kai wa Malam.

Abin ya tuna mini da kawuna, baduku ne. Majemi ɗaya ke ba shi fatar jar akuya, da rahusa, a kan bashi. Shekarar da majemin ya kwanta ciwo gab da Sallah, ga masu oda na sintiri, ga rumfa babu fata. Na tausaya masa ƙwarai a lokacin, amma ban taɓa kawowa a raina cewa babban kamfani ma yana iya shiga wannan hali ba.

Na sake rubuta babin gaba ɗaya, na fara da yarjejeniyar: shekarunta nawa, wa ke ɗaukar asara in kasuwa ta faɗi, akwai wata ƙofa in abokin hulɗa ya gaza. Da aka raba Western Digital gida biyu a Fabrairun 2025, abin da na fara nema shi ne wanda ya tafi da Yokkaichi. SanDisk ne.