An Rufe Ciwon Baba: Godiya Daga Iyalansa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi. Jiya da hantsi likita ya kwance bandejin ƙarshe, ya danna wurin da yatsa, ya juya ƙafar ya duba tafinta, ya ce gyambon da ciwon suga ya jawo wa Baba a ƙafa ya rufe. Kwana 81 ke nan cif, 38 a kan gadon asibiti, sauran muna jigila tsakanin unguwar Jekadafari ta Gombe da ɗakin wankin ciwo. Baba ya dawo da ƙafarsa ta dama, yatsu huɗu ne a jikinta maimakon biyar, kuma mun karɓa hannu bibbiyu. Kun bi abin tun farkonsa, ba sai mun maimaita ba, ga shi kuma gajiya ta yi mana yawa. Amma akwai bashin godiya da ba zai kwana ba.

Dare ɗaya ne ba ya fita daga ranmu, daren da aka kawo takardar tiyata. Abu biyu aka rubuta a cikinta: za a cire ƙaramin yatsa tare da ƙashin da ke bayansa, in kuma aka buɗe aka tarar ruɓar ta haura, za a yanke daga ƙasan gwiwa. Sugansa ya wuce 400 a na'ura, jiki zafi rau, jan kumburin ya bar yatsa ya hau bayan ƙafa, warin kuwa har makwabtan gado sun ja mayafi. Hamma ne ya sa hannu, biron yana rawa. Baba bai ce komai ba sai da muka yi shiru, sannan ya tambaya a hankali ko mai ƙafa ɗaya yana iya tsayuwa a sahu.

Sistar da ke aikin dare ta ji shi. Ba ta yi masa wa'azi ba, ba ta kuma ce kada ya damu ba. Biro ta ciro daga aljihu, ta zana layi a fatar, daidai inda jan ya tsaya, ta rubuta 10:00 a gefe. Ta ce, "Baba, ga iyaka na yi masa. Zan dawo mu gani ko ya tsallake." Ta dawo ƙarfe ɗaya da tocila, ta dawo ƙarfe huɗu. Jan bai tsallake ba, ta wajen idon sawu ma ya ɗan ja baya. Ga wanda bai sani ba, wannan layin awo ne na gaske: ido ba ya riƙe inda kumburi yake awa shida da suka wuce, amma tawada tana riƙewa, kuma da ita ake gane ko maganin da ake ɗurawa ta jijiya ya fara cin ƙarfin ƙwayoyin cuta. Ga Baba kuwa, abin kallo ne ya samu a daren da ba shi da abin riƙewa. Kafin asuba wani ƙaramin likita ya aro na'urar Dopla, mai sauraron gudun jini a jijiya, daga wani sashe, ya ɗora ta a bayan idon sawu da kan ƙafa, ya ƙara sauti yadda Baba zai ji bugun jininsa da kunnensa. Ya auna hawan jinin idon sawu, ya raba da na hannu, ya samu 1.0. Ƙasa da 0.9 alama ce hanyoyin jini sun tsuke, sama da 1.3 kuma sau da yawa jijiyoyin ne suka sandare, awon ya zama ba abin dogaro ba. Inda jini ba ya zuwa, ko wane magani aka zuba nama ba ya tsirowa, shi ya sa wannan sautin ya sa Adda ta fashe da kuka. Sista, mun san ba ki son a ambace ki, ba mu kuma faɗi sunanki ba, amma duk wanda ya kwana a ɗakin maza na tiyata ya san mai farin gilashi da tocila ja. Allah Ya haskaka kabarin iyayenki kamar yadda kika haska mana wannan daren.

Ga likitocin tiyata, godiyarmu ta farko a kan gaskiyar da suka faɗa mana ce. Hoton farko bai nuna komai a ƙashi ba, har wasunmu suka fara murna. Babban likita ya ce kada mu yi saurin murna, domin cutar ƙashi takan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ta fito a hoto. Ya zura siririn ƙarfe mai tsabta cikin ramin ciwon, ya ji ya taɓa ƙashi, ya ce wannan ya fi hoton magana. Sun cire yatsan da rabin ƙashin bayansa, sun kankare mataccen nama har sai da suka kai inda jini ke tsattsafowa, suka bar wurin a buɗe. Mutane da yawa sun tambaye mu me ya sa ba a ɗinke ba. Ɗinke ciwo mai mugunya rufe ƙofa ne da ɓarawo a ciki. Naman da aka kai ɗakin gwaji daga can ƙasan ciwon aka yanko shi, domin abin da auduga ke shafowa a sama yawanci ƙwayoyin fata ne kawai. Da sakamakon ya fito aka sauya maganin, zazzaɓin ya sauka cikin kwana biyu.

Leda uku na jini aka ƙara masa. Biyu daga samarin unguwarmu masu ƙwallo da yamma, ɗaya daga mai Keke Napep ɗan Pantami da ya kawo Goggo asibiti, ya ji ana cigiyar irin jininsa, ya ajiye keken ya shiga layi. Ko kuɗin lemo ya ƙi karɓa. Allah Ya tsare shi a kan titi, Ya mallaka masa keken kansa.

Masu wankin ciwo su ne suka ɗauki mafi tsawon aikin, kuma aikinsu ne aka fi yi wa gardama. Ruwan gishirin asibiti kawai suke wankewa da shi, mai kashi 0.9 cikin ɗari, su cika ramin da ƙyalle mai ɗanshi, su rufe da busasshe. Sau biyu a rana da farko, daga baya sau ɗaya, daga baya bayan kwana biyu. 'Yan dubiya da dama sun so a bar ciwon ya sha iska, wasu sun kawo ruwan nan mai kumfa, wasu sun ce a barbaɗa garin kafso. Ruwan kumfa yana kashe sabon jan naman da ake lallaɓawa ya tsiro, iska kuma tana busar da shi. Tun 1962 wani mai bincike a Ingila, George Winter, ya nuna a fatar aladu cewa rauni da aka rufe da ɗanshinsa ya fi wanda aka bari ya yi ɓawo saurin yin sabuwar fata, kuma a kan wannan ake tafiya har yau. Zuma kuwa, wadda kwalabenta suka cika mana ɗaki, ba mu raina ta ba. A nan Najeriya ma, a Kalaba, likita Spencer Efem ya wallafa a 1988 yadda ya yi amfani da ita a kan marasa lafiya 59 masu gyambon da ya ƙi jin magani, kuma kusan duka suka samu sauƙi. Sai dai a asibiti ya yi, idon likita na kai. Zuma ba ta cire ruɓaɓɓen ƙashi, ba ta buɗe toshasshiyar jijiya, ta kasuwa kuma Allah kaɗai Ya san abin da aka gauraya mata. Da likita ya yarda, an yi amfani da ita na ɗan lokaci bayan wurin ya yi tsabta. Sauran kwalaben jikoki sun gode.

Kowace Litinin malamin wankin yakan shimfiɗa farar leda mai tsabta a kan ciwon, ya zana bakinsa, ya rubuta kwanan wata, ya ba Baba ya ajiye. Zanen farko santimita 6 ne a tsawo, 4 a faɗi. Ya gaya mana abin da yake nema: in ciwo ya ragu da rabi cikin mako huɗu, alama ce mai kyau cewa zai rufe wajen mako goma sha biyu, in bai ragu ba sai a koma a binciki jini, ƙashi, suga da taku. Na Baba a mako na uku ya tsaya cak. Aka bincika, ashe yana lallaɓawa banɗaki da dare a kan ƙafarsa, wai don kada ya tashe mu.

Nan ne muka fi shan wahala, kuma nan ne muke roƙon duk mai jinyar irin wannan ya buɗe kunne. Suga ya kashe wa Baba jin ƙafa. An gwada shi da siririn zaren roba da ke lanƙwashewa a nauyin giram 10, bai ji shi a wuri ko ɗaya a tafin ba. Mai lafiya in ƙafarsa ta yi ciwo zafi ne ke hana shi takawa. Wanda ba ya jin zafi zai taka gyambo ya murje naman da aka yi mako guda ana reno, yana murmushi. Bayan cutar ta mutu sai aka sa masa ɗaurin siminti irin na karaya, wanda ke bin siffar ƙafa ya raba nauyi har ƙwauri, ana cirewa duk mako a duba a sake. Likita Paul Brand ne ya shahara da wannan dabara a aikinsa da kutare a Indiya, daga baya aka ga ƙafar mai suga da ta kuturu matsalarsu ɗaya ce, rashin ji. Ba a sa shi a kan ciwo mai mugunya ko ƙafar da jini bai isa ba. Amfaninsa babba shi ne mara lafiya ba ya iya cire shi, Baba kuwa ya gwada. Godiya ga mai ɗaurin, wanda ya jure faɗan dattijo da dariya, da autan jikokinsa da ya kwashe wata guda yana kwana a bakin ƙofa da keken marasa lafiya a gefensa. Godiya ga limamin masallacinmu da ya zo har gida ya zaunar da shi a kan hukuncin shafa a kan ɗauri da sallah a zaune. Abin da muka yi sati muna faɗa, a zama ɗaya ya karɓa daga bakinsa.

Makwabciyarmu mai firjin sola, wadda ta ware wa insulin ɗin Baba, wato allurarsa ta suga, wuri, ba a cikin ƙanƙara ba, a tsakiya inda sanyin ke tsakanin digiri 2 da 8, ta kuma riƙa aiko yaro da shi safe da yamma: Allah Ya sanyaya miki duniya da lahira. Goggo, wadda ta ga gumi da karkarwa da rikicewar magana ta gane suga ne ya faɗi ƙasa da 70, ta jiƙa cokali uku na sukari ta ba shi tun yana iya haɗiya, ta sake aunawa bayan minti 15: ke kika fi mu natsuwa ranar. Baffa na Kumo da ya sayar da ɗan maraƙinsa bai gaya wa kowa ba, sai a wajen mai karɓar kuɗi muka ji. Matan layinmu da suka koyi auna tuwon dawa da ludayi ɗaya, suka ƙara wake da ganye da ƙwai, domin ciwo ba ya rufewa a jikin da ba ya samun abinci mai gina shi.

Akwai kuma 'yan uwa na jini da muka yi ta duban ƙofa dominsu. Wasu saƙon murya suka turo a WhatsApp ɗauke da sunayen saiwoyi. Wasu mun ga hotunansu a biki nan cikin Gombe, tafiyar minti goma daga gadon da yake kwance. Baba ya tambaye su sau biyu, muka ce hanya ce ba kyau. Ba komai, uzuri ba ya ƙarewa, kuma ya ce a gaishe ku.

Ya Allah, duk wanda ya taka ƙafa ya zo, Ka tsare masa ƙafafunsa, Ka tabbatar da su a kan siraɗi. Wanda ya ba da jini, Ka ba shi lafiyar da ba ta yankewa. Wanda ya ba da kuɗi, Ka mayar masa ninkin ba ninkin. Wanda ya yi addu'a cikin dare ba mu sani ba, Kai Ka san shi, Ka biya masa buƙatunsa. Ya Allah, dattijon Dukku da ke gadon kusa da taga, wanda ya iso a makare aka yanke tasa daga gwiwa, shi ne kuma ya riƙa ba Baba haƙuri, Ka musanya masa da mafi alheri, Ka sa kaffara ce. Waɗanda suka rasu a ɗakin nan muna kallo, Ka gafarta musu. Waɗanda ke kwance yanzu, Ka tashi kafaɗunsu. Amin, amin.

Likita ya ja mana kunne cewa rufewar ciwo ba sallama ba ce, kusan mutum 40 cikin 100 sabon gyambo yakan fito musu cikin shekara guda. Saboda haka masu zuwa gaisuwa za ku ga sababbin dokoki a gidan, kada ku ɗauka wulaƙanci ne. Baba ba ya taka ƙasa ba takalmi, ko daga tabarma zuwa buta. Ana zazzage takalmin a laluba cikinsa da hannu kafin ya sa. Kowace safiya ana duba tafin da tsakanin yatsu, bayan alwala a tsane su, a shafa mai a dunduniya saboda faso amma ban da tsakanin yatsu. Ruwan wanka da gwiwar hannu ake gwada zafinsa. In hunturu ya shigo kasko ba zai matso ƙafarsa ba. Reza kuwa, wadda da ita aka yanke kantar da ta jawo mana duk wannan, ta bar gidan, kanta da farce sai a asibiti.

Yana ganin baƙi daga bayan La'asar zuwa Magariba, ban da Litinin da muke komawa a auna masa takalmi. Don Allah a bar lemon kwalba a shago. Kuma mai koren fulas mai ɗaurin zare a hannu, wanda ya kawo kunu a satin farko, yana wajen Adda an wanke shi.