Shekara tara ina gudu a makance

Makon jiya na tsaya a gefen fili ina kallon wani yaro da bai wuce shekara 22 ba yana zagaye. Ranar gudun sassauci ce a jadawalinsa, amma kafaɗunsa sun ɗage har kunne, baki a buɗe, sai huci yake. Da ya tsaya na tambaye shi ko an taɓa auna shi a ɗakin gwaji. Ya ɗago agogon hannunsa ya ce, "Baba, wannan ya gaya mini komai." Gabana ya faɗi, don a shekarunsa haka nake magana, sai dai ni cewa nake babu wanda ya kai ni sanin jikina.

Shekara tara na yi ina gudun fanfalaki na kilomita 42, kuma kusan kullum gudu iri ɗaya nake yi: ba a hankali ba, ba da ƙarfin gaske ba, wannan na tsakiya mai gajiyarwa. Idan na dawo riga ba ta jiƙe sharkaf ba, sai in ga na yi asarar rana. Lissafin ƙolin bugun zuciyata kuwa daga wannan tsohuwar ƙa'ida na ɗauko shi, a cire shekarunka daga 220. Duk gasar da na shiga, da an wuce kilomita 30 sai ƙafafuna su zama kamar an ɗaura musu dutse. Na ɗora wa takalmi laifi, na ɗora wa zafin rana, daga ƙarshe na yanke wa kaina hukunci cewa ni rago ne, na ƙara wa jikina azaba.

In za a yi mini adalci, haka aka koya mana. Masu horar da mu wahala suke yabo, kuma a shekaru biyun farko lokacina ya yi ta raguwa, to wa zai ce hanyar ba daidai ba ce? Ɗakin gwajin ma ba kusa yake ba. Amma ba zan fake da nisa ba. Wani abokin gudu ya yi ta bina a kan mu je tare, na ƙi. Tsoro nake ji kada takarda ta nuna cewa ba ni da baiwar da nake ganin ina da ita.

Sai da jijiyar agarata ta hana ni gudu wata huɗu sannan na je, ina da shekara 33. Suka rufe mini hanci da baki da wani takunkumi mai tiyo, suka ɗora ni kan injin gudu. Duk bayan minti huɗu a ƙara sauri, wata ma'aikaciya ta tsaga fatar kunnena ta ɗauki ɗigon jini. Sinadarin laktet suke aunawa, wanda ke ƙaruwa a jini idan gudu ya yi tsanani. In mutum yana hutawa bai cika wuce 1 ba a ma'aunin milimol, yakan fara tashi wajen 2, sannan akwai 4, lambar da Alois Mader da abokan aikinsa a Kolon ta Jamus suka fito da ita a 1976 a matsayin iyakar da in an haye ta ba a daɗewa. Gudun da nake kira na hutu ya nuna 3 da wani abu. Bugun zuciyata na ƙoli kuwa ya gaza abin da ƙa'idar ta ba ni da 12.

Takunkumin ne ya warware mini sirrin kilomita 30. Yana kwatanta yawan iskar kabon da kake fitarwa da yawan oksijin ɗin da jikinka ke sha, ya ba da lamba: in lambar tana kusa da 0.7 kitse kake ƙonawa, in ta doshi 1.0 sukarin da jiki ya ajiye ne ke tafiya. Ajiyar nan ta tsoka da hanta kusan kalori 2,000 ce kacal, kilomita 42 kuwa ta fi haka ci. Ni ban taɓa koya wa jikina dogaro da kitse ba. Na zauna da takardar a hannu na kasa magana.

Na yi niyyar jero muku shawarwari goma, ku matasa masu gudu, amma da na zauna rubutu sai na ga ba su kai ba. Ku je a auna ku. Ku koma bayan wasu watanni, don lambobin suna motsi. Kuma ku rage gudu. Stephen Seiler, wanda ya bibiyi atisayen manyan 'yan wasan juriya, ya tarar kusan kashi 80 na horonsu a sassauce suke yi. Ku kuwa kowace safiya gasa ce, don a gani a Strava, manhajar da masu gudu ke nuna atisayensu, a yaba. Takalmi mai farantin kabon kun san sunan kowanne, amma ɗigon jini ɗaya ya gagare ku.

Kuma ku daina bauta wa VO2max ɗin nan, wato ma'aunin iyakar oksijin da jiki ke iya amfani da shi a lokacin gudu. Tun shekarun 1920 A. V. Hill na Ingila ya bayyana shi, ba sabon abu ba ne, agogonku ma ƙiyasta shi yake daga bugun zuciya da sauri, bai taɓa jin numfashinku ba. Derek Clayton na Ostireliya nasa kusan 70 ne, ƙasa da na manya da yawa, amma shi ya fara gama fanfalaki ƙasa da awa 2 da minti 10, a Fukuoka ta Japan a 1967.

Kada kuma takarda ta zama ubangidanku. Lambar 4 ɗin nan ba ta kowa ba ce, rashin barci da gajiyar jiya ma suna karkatar da sakamako. Wanda bai samu gwaji ba, ya yi gudun da zai iya hira a cikinsa ba tare da numfashi ya yanke masa magana ba. Ko da yake ni na yi ta rantsuwa cewa ina iya hira, alhali kalma uku nake fitarwa in haɗiye. A'a, ku dai je a auna ku.

Shekara biyu kawai na samu ina gudu yadda ya kamata kafin gwiwa ta tsayar da ni, a ciki ne na fara wuce kilomita 35 da ƙafafuna a sake. Duk wannan na faɗa wa yaron. Ya ce, "To Baba, zan duba." Da safen nan na sake ganinsa a fili, kafaɗun na nan a ɗage.