Abin da lissafin nisa da lokacin tafiyar jirgin sama ya koya mini

Kuskuren da kusan kowane sabon mai koyon tsara tafiyar jirgi ke yi shi ne ya raba nisa da gudu, ya ɗauka ya gama. Tsakanin filin jirgin JFK na New York da Heathrow na Landan akwai kimanin kilomita 5,540. Babban jirgin fasinja yana gudun kusan kilomita 900 a awa, a takarda ke nan awa 6 da 'yan mintoci. Amma zuwa Landan yakan ci wajen awa 7, dawowa kuma kusan awa 8.

Iska ce ta kawo wannan bambanci, kuma a ganina ita ta fi cancantar a tsaya a kanta. Can sama, daga kilomita 9 zuwa 12, akwai wata kakkarfar iska mai kaɗawa daga yamma zuwa gabas, wadda da hunturu takan haura kilomita 250 a awa. Jirgin da ya nufi gabas tana tura shi ta baya, wanda ya nufi yamma kuwa da ita yake kokawa har ya sauka. Shi ya sa gudun jirgi a cikin iska daban, gudunsa bisa ƙasa daban, kuma da na biyun ake lissafin lokacin isa. A watan Fabrairun 2020 wani jirgin British Airways ya samu wannan iska a bayansa, ya tashi daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56. Hanyoyin da jirage ke bi a saman Tekun Atilantika ma kullum ake sake shata su gwargwadon inda iskar ta karkata.

Taswirar bango tana yaudara. Ɗaura zare a kan taswira mai siffar ƙwallo daga New York zuwa Landan, za ka ga hanya mafi kusa ta lanƙwasa arewa, ta gefen Kanada. Ko ita ma ba kullum ake samunta ba: da aka rufe sararin samaniyar Rasha ga jiragen Turai a 2022, tafiyar Helsinki zuwa Tokyo ta tashi daga wajen awa 9 zuwa kimanin 13.

Lokacin da ke kan tikiti kuma ana ƙirga shi ne daga janye jirgi daga ƙofar da fasinjoji ke shiga har ya tsaya a ƙofar da za su sauka, da jiran layin tashi duka a ciki.

Sai agogo, inda aka fi tafka kuskure. Landan tana gaban New York da awa 5 a mafi yawan shekara. Jirgin da ya tashi daga New York ƙarfe 7 na yamma ya sauka Landan ƙarfe 7 na safe awa 7 ya yi, ba 12 ba. Ka fara mayar da lokutan biyu zuwa agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, sannan ka ɗebe ɗaya daga ɗaya.