Yadda nake tsara tambayoyin kacici-kacici a fadarmu ta Tawa

A babban hutun makaranta muke yin gasar, bayan sallar isha'i, a ƙofar gidan da muke shan shayi. Ƴan makarantar unguwa su kasu rukuni-rukuni, a tara wayoyinsu cikin faranti a ajiye gaban mai dafa shayi, ni kuma in buɗe littafin tambayoyi. Fannoninmu tarihi ne da labarin ƙasa da adabi da ƙwadago da nishaɗi. Kyautar ba ta taka kara ta karya ba: littattafan rubutu da alƙaluma, daga kuɗin da ƴan fada suka tattara.

Abin da na fara kiyayewa shi ne kada tambaya ta kasance da ƙofa biyu. In ka ce "ina ne babban birnin Nijar a zamanin Turawa?" wanda ya ce Damagaram ya yi daidai, wanda ya ce Yamai shi ma ya yi daidai, domin sai a 1926 aka ɗauke mazaunin gwamna daga Damagaram zuwa Yamai. Haka ranakun ƙasa: 18 ga Disamba 1958 aka kafa jamhuriya, 3 ga Agusta 1960 aka samu ƴancin kai. Yara na yawan cakuɗa su. Don haka nake sa shekara cikin tambayar kanta, gardama ta mutu tun kafin a haife ta.

Labarin ƙasa ba ya ba su wuya sosai. Ƙasashe bakwai ke iyaka da mu, kuma yawanci Benin ko Libiya ake mantawa. Wadda ta girgiza su ita ce ta mahaifar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Kowa ya ɗaga hannu yana cewa Sakkwato. Da na ce Maratta ce, nan yankin Galmi, a 1754, wani yaro ya ce shi fa albasa kaɗai ya sani da Galmi.

A fannin nishaɗi, ka tambayi wanda ya ci kofin duniya na 2022 a Ƙatar, kafin ka rufe baki an ce Ajantina. Amma ka ce wane gari ne ya karɓi gasar kokawa ta ƙasa ta farko, sai kallon-kallo. Nan Tawa ne, a 1975, kuma Kantu na Maraɗi ya yi nasara. Ba su san Umaru Ganda ya ɗauko babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1972 ba, ba su kuma san Mustafa Alhasan, mai fina-finan zane, a garin nan ya zauna shekara da shekaru ba. Ba na ganin laifinsu ko kaɗan. Ƙwallo kullum tana cikin waya da talabijin, waɗannan kuwa ba wanda ya zaunar da su ya faɗa musu. Shi ya sa nake haɗa na nesa da na gida cikin zagaye ɗaya, mai sauƙi ta buɗe musu baki, ta gida ta biyo baya.

Fannin ƙwadago shi ne na ɗauka zai gundure su, sai ga shi shi ne ya fi tsayar da mutane. Na fara da ranar ma'aikata, 1 ga Mayu, wadda ta samo asali daga yajin aikin birnin Cikago na Amurka a 1886, lokacin da ma'aikata ke neman a tsaida aiki a awa takwas a yini. Sai na bi da wannan: sunan wa dokar da ta soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ta mallaka take ɗauke da shi? Ba wanda ya ci. Da na ce Ufuwet Bwanyi ne na ƙasar Kodebuwa, a watan Afrilun 1946, yana ɗan majalisa a Paris, sai wuri ya ɗauki surutu, don kusan kowane gida a Adar yana da wanda ya tafi bida Abijan, sunan ba baƙo ba ne.

Wani dattijo da ke zama gefe a kujerarsa yana saurarenmu ya ce, "Ɗana, dakata." Na ce, "To, Baba." Ya ba mu labarin da mahaifinsa ya ba shi: yadda ake raba wa kowane gari adadin mazan da zai kawo, a tafi da su fasa dutse da gyaran hanya ba ko sisi, wani lokaci da damina gona na jiran noma, da yadda wasu ke kwashe iyali cikin dare su ƙetara ƙasar Ingilishi. Shayi ya huce ba wanda ya kula. Daga nan tambayar Jibo Bakari ta zo da sauƙi, ɗan ƙungiyar ƙwadago da ya jagoranci jam'iyyar Sawaba ya ce a'a ga ci gaba da zama tare da Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958. Tun daren nan nake barin fili bayan kowace amsa, ko da zai rage yawan tambayoyin da za mu yi.

Adabi ma jere nake yi masa. Sarauniya Mangu ta Lugu ta tari rundunar hafsoshin Faransa Vule da Shanuwan a 1899, Abdullahi Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Tambaya uku ke nan, kowace na riƙe da hannun ƴar'uwarta, kuma na lura irin waɗannan ne yara ke tunawa mako na zagayowa.

Yanzu su ma suna kawo tambayoyi daga gida. Sharaɗina guda ne: sai na tabbatar da amsar a littafi ko daga bakin manya fiye da ɗaya kafin ta shiga gasa. Wata yarinya ta kawo guda daga wurin kakarta a kan Ɗan Gurmu, mawaƙin nan na Tawa da aka sa wa gasar waƙa ta ƙasa sunansa. Ta ce, "Malam, kada ka faɗa wa ƴan rukunin maza." Na rubuta ta a zagayen ranar Asabar.