Matar da ta dage kan binciken Epstein

Jiya da daddare barci ya ƙi zuwa, na zauna ina karanta labarin Marie Villafana, lauyar gwamnati mai gabatar da ƙara a jihar Florida ta Amurka, wallahi har yanzu abin bai bar raina ba. Ita ce ta riƙe binciken Jeffrey Epstein, wani attajiri da aka zarga da yin lalata da ƙananan 'yan mata, ta saurari 'yan matan da ya lalata wa rayuwa, wasu shekararsu 14 kacal fa, a 2007 ta rubuta takardar tuhuma mai shafi 53 tana jira a ba ta izini ta kai shi kotun tarayya, amma sai ofishinsu ƙarƙashin Alexander Acosta ya yi sulhu da lauyoyinsa ba tare da an sanar da yaran ba. A 2008 aka yanke masa wata 18, ya yi kamar 13 ya fito, kuma ko a lokacin ma ana barin sa ya fita aiki da rana.

Ni abin da ya fi ƙona min rai shi ne yaran nan, sun cire kunya sun faɗi abin da ko iyayensu ba su iya faɗa wa ba. Ita kuma da wane ido za ta kalle su?

Sai a Yulin 2019 aka sake kama shi kan wata sabuwar ƙara da aka shigar a New York, ya mutu a gidan yari a Agusta kafin a fara shari'a. Ghislaine Maxwell da ke kawo masa yaran ta samu shekara 20 a 2022. Shekara 15 ke nan bayan takardar Villafana.