Tsiron cikin tankin kifi: rage fitila ya fi ƙara ta

Sana'ata ita ce haɗa tankin kifi na gilashi a gidaje da ofisoshi, da ci gaba da kula da shi. Yawancin tankunan da ke hannuna masu sauƙin kaya ne: fitila ɗaya, 'yar matatar ruwa, ƙasa da yashi, sai kifi da tsirrai. Babu tukunyar gas mai hura iskar kabon cikin ruwa irin ta manyan tankunan da ake gani a hotuna. Ƙorafin masu su kusan guda ne kullum: tsiro ya tsaya cak, ganye ya yi rawaya, gansakuka ta lulluɓe gilashi. Shawarar da kowa ke fara kawowa kuwa ita ce a ƙaro fitila.

Babban abin da aikin nan ya koya mini shi ne, a irin wannan tanki iskar kabon ce ke ƙaranci, haske kuwa yawanci ya wadata har ya yi yawa. Da kabon tsiro ke gina jikinsa. Na tudu yana samunsa a sarari ba tare da wahala ba, amma a cikin ruwa saurin yaɗuwar iskar yana raguwa kusan sau 10,000. Tankin da ba a hura masa gas yakan riƙe miligiram 2 zuwa 3 a kowace lita, daga numfashin kifi da ruɓewar ragowar abinci, alhali masu tukunyar gas suna kai nasu wajen 30. Tun a ƙarni na 19 masanan Jamus Carl Sprengel da Justus von Liebig suka nuna cewa abin da ya fi ƙaranci a cikin abincin shuka shi ke yanke iyakar girmanta. Idan garin tuwo mudu ɗaya ne, ƙara itace a murhu ba ya ƙara malmala, sai dai ƙauri. Hasken da tsiro ya kasa amfani da shi, gansakuka ce ke cin moriyarsa.

Shi ya sa in an kira ni, fitila nake fara tambaya. Awa 6 zuwa 8 a rana sun isa. Na fi son in raba su biyu, awa 4 da safe, a kashe da tsakar rana, a sake kunnawa da yamma, domin tsirrai kan cinye kabon ɗin da ya taru da dare kafin azahar, hutun kuma yana ba shi damar sake taruwa. Wani dattijo da nake kula da tankin falonsa ya taɓa ce mini, "Malam, shuka kuma a hana ta haske?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ta daidai cikinta." Muka janye tankin daga bakin taga inda rana ke dukansa, muka rage awannin fitila, gilashin ya daina kore.

Zaɓen tsiro ne inda na fi daɗewa da mai tanki, don a nan ake asarar kuɗi. Jajayen tsirrai masu siraran ganye da waɗanda ke shimfiɗuwa kamar darduma yawancinsu sai da gas. Ina gaya wa mutum gaskiya tun kafin ya saya. Waɗanda ke jure ƙarancin kabon su ne masu girma a hankali, kuma abin da ke faranta mini rai shi ne sarkinsu ɗan yankinmu ne. Anubias barteri, wanda ake sayarwa a shagunan Turai da Asiya, asalinsa bakin rafukan dazuzzukan kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru ne, kuma an sa masa sunan Charles Barter, mai tattara tsirrai da ya bi tawagar binciken kogin Neja ya rasu a 1859. A inuwar daji ya saba, don haka fitila mai ƙarfi cutar da shi take yi, gansakuka ta hau ganyen. Kuskuren da na fi gani game da shi shi ne binne kaurin jikin nan da ganye da saiwa ke fitowa daga gare shi. In aka binne, ruɓewa yake. Da zare ake ɗaure shi a jikin dutse ko itace har saiwarsa ta kama. Haka ma Microsorum na kudu maso gabashin Asiya.

Cryptocoryne na Siri Lanka da Echinodorus na Kudancin Amurka su kuma ta saiwa suka fi ci. Ina shimfiɗa musu ƙasar lambu wadda ba a zuba wa taki ko maganin ƙwari ba, kaurin santimita 2 zuwa 3, in rufe da wankakken yashi kwatankwacin haka. Ƙasar tana ciyar da saiwa, ruɓewarta a hankali kuma tana sakin kabon. Inda ruwan burtsatse ke da gishirin farar ƙasa, Vallisneria ya fi kowa jin daɗi, saboda yana iya ciro kabon daga gishirin da kansa.

Akwai kuma namu na kududdufi. Bado yana yin kyau ƙwarai a tanki, in dai ana yanke ganyen da ya nufi saman ruwa kafin ya rufe na ƙasa. Kainuwa, dashen Allah, ita ce mataimakiyata a sabon tanki: ganyenta a sarari yake, ba ruwanta da ƙarancin kabon, tana zuƙe dattin kifi da sauri ta hana gansakuka abinci. Sai dai a riƙa kwashe ta duk mako, kada ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman ruwa. A nan ina roƙon duk mai ɗebo tsiro daga kududdufi ya yi hattara. Ƙananan dodon koɗin da ke maƙale a saiwa su ne ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. A sa safar roba, a wanke sosai, a keɓe shi a bokiti na wasu makonni ana cire duk wanda ya ɓullo.

Taki kaɗan ake bukata. Abincin kifi yana ba da naitirojin da fosforas, abin da yakan gaza shi ne fotasiyam da sinadarin ƙarfe. Ganyen da kansa yake faɗa: tsoho ya yi rawaya, naitirojin ne, ƙananan huji a tsohon ganye, fotasiyam, sabo ya fito fari-fari, ƙarfe. Yuriya da takin gona kada su kusanci tanki, domin amoniyar da ke fita daga cikinsu tana kashe kifi.

Bazara ce lokaci mafi wuya a Arewa. Daga Maris zuwa Mayu ruwan tanki kan haura digiri 30, ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe iska sosai, ga ɗauke wuta. A wannan lokacin nakan buɗe murfi, in sa 'yar fanka mai caji ta hura saman ruwa, in bar famfon iska ya yi aiki da dare saboda kifi, in rage abinci. Ba na dasa sabon tsiro sai damina ta sauka.

Sabon tsiro yakan zubar da ganyensa a makonnin farko, musamman Cryptocoryne, saboda a gonakin da ake renonsu yawanci a wajen ruwa suke girma, ganyen sarari kuma ba ya aiki a ƙarƙashin ruwa. Mutane da yawa a nan suke tuge shi su yar. Nakan taɓa saiwar, in tana da ƙarfi kuma fara ce, in cire ruɓaɓɓen ganyen in bar shi inda yake. Anubias yakan yi makonni kafin ya fidda ganye guda, don haka in na canza abu ɗaya, fitila ko taki, sai na jira wata guda ina duban sabon ganye kafin in taɓa wani. Karfasa da tarwaɗa kuwa ba na yarda a sa su a tankin tsirrai ko mai gida ya nace, domin ɗaya cinye ganye take yi, ɗaya kuma tone saiwa.